Gaisuwa Biyu a Gaban Kaka

Ku da kuka cika mini waya da "Da-som, ya aka ƙare?", to ga ni na zo. Kwana biyu ke nan ina ɗaukar waya in fara rubutu in goge, don abin da idona ya gani ranar Ista ya fi ƙarfin bakina. Wadda ta shigo yau kuma kada ta damu, ga shi a taƙaice: sunana Da-som, shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani shagon tabarau a garin Cheongju. Ina son wani bawan Allah mai suna Tae-ung, Ummata kuwa ko sunansa ba ta son ji.

Ba wani mugun hali ta kama shi da shi ba. Laifinsa ɗaya: ɗan fari ne na ɗan fari, daga wani tsohon gida a garin Andong inda ake shirya wa kakannin da suka rasu teburin abinci sau tara a shekara. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara sha tara, tun daga lokacin shi ke tsayawa a gaba. Duk matar da ya aura kuma ita za ta gaji tukwanen. Mu kuwa Katolika ne tun kakannin kakanni, magina randa da suka gudo bayan duwatsun nan lokacin da ake bin su da takobi saboda sun ƙi yin irin wannan hidimar. Umma aurowa ta yi cikin gidan, amma ta fi masu gidan riƙe tarihin.

"Sau tara, Da-som! Ke da ko shinkafa sai kin bugo mini waya kin tambayi yawan ruwa," haka take fara mini kullum. "Ga ɗan shugabar mawaƙan coci nan, likitan haƙori, yaro mai baftisma, mai motarsa. Wannan kuma me? Mai duba cutar itacen tuffa!"

A gidanmu akwai wata al'ada. Ranar Ista, bayan an dawo daga coci an ci abinci, Kaka, wato mahaifiyar Abbana, takan zauna da alƙalamin gashi da tawada ta rubuta sunan kowane ɗan gida a jikin dafaffen ƙwai. Wanda ya ga sunansa, ɗan gida ne. Ba a roƙo, ba a tuni. Ita kanta Umma sai a Ista ta uku bayan aurenta ta ga nata, kuma har gobe ba ta manta ba. Shi ya sa da na ce Kaka ta yarda Tae-ung ya zo ya ci abinci da mu, Umma ta yi wani murmushi mai sanyi.

"Na ji, ya zo. In Inna ta rubuta sunansa, na rufe bakina har abada. In ba ta rubuta ba, Asabar mai zuwa za ki sa riga mai kyau ki je ki sha shayi da likita."

Na ce na yarda. Bakina ne kawai ya faɗa.

Ranar Asabar da hantsi na iso ƙauye. Tun daga bakin hanya na hango katangarmu ta yi rawaya shar da furanni, bayan gida kuma dutsen ya yi ruwan hoda kamar an yayyafa masa. A tsakar gida Abba ya wanke manyan randunanmu na kimci, wato kabejin da ake tsimawa da yaji, da na daddawar waken suya, suna ta ƙyalli a rana. Ƙanwarsa, Gwaggo Mal-sun, ta riga ni zuwa, ta ɗaure kai da tawul tana tsaye kan tukwane uku: ɗaya da ɓawon albasa, ɗaya da 'ya'yan itacen nan masu rina abu rawaya, ɗaya da jan kabeji da ke fitar da shuɗi.

"A'a, amarya ta iso!" ta ce da ƙarfi, don Umma ta ji daga kicin. "Ina angon aljanna? Ko yana can yana ba wa matattu abinci?"

"Gwaggo, don Allah."

"Don Allah me? Zo ki riƙe ludayi. In za ki auri gidan tukwane, gara ki fara koyo yau."

Haka muka wuni, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wunin. Babu mai sauri a gidanmu ranar jajibirin Ista. Muka liƙa ƙananan ganyaye a jikin ƙwai, muka ɗaure da tsohuwar safa, muka jefa cikin ruwan albasa. Da an kwance sai ka ga hoton ganyen fes a kan jan ƙwai. Umma ta cire baƙin ƙyallen da ta rufe gicciyen falo da shi tun farkon mako, ta goge gilashin hoton marigayi Kakanmu namiji da ke rataye a ƙarƙashinsa, ta cika wani ɗan tulu da rassan furanni ta ajiye a gefe. Abba ya zauna a baranda yana saƙa wa ƙwai gida da busasshen karan shinkafa, biyar-biyar a jere, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Rediyo na ta surutu, ba mai sauraro.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kaka, mai shekara tamanin da takwas, ta fito ta zauna kusa da ni tana kallo. Na miƙa mata wani ƙwai shuɗi don ta gani, sai na ga hannunta na dama yana rawa, ƙwan na kaɗawa a tafinta. Tun ciwon da ta yi cikin sanyin bana hannun bai koma daidai ba. Ta lura na gani. Ta mayar da hannun cikin hannun riga, ta ce, "Shuɗin nan bai kama ba, ƙawata. Mayar da shi."

Da yamma saƙon Tae-ung ya shigo.

"Na sayi sabuwar safa. Kala biyu. Baƙa ko toka?"

"Toka. Yaya, ka natsu."

"Na natsu. Sau nawa ake cewa Amin?"

"Ba wanda zai tambaye ka Amin. Ka gaida Kaka, ka ci abinci, kada ka yi wa Gwaggo musu."

"Gaisuwa kam ba ni da matsala. Shekara goma sha uku ina yi."

Na tura masa hoton dariya. Da na san abin da ke tafe, da ban yi ba.

Safiyar Lahadi muka je coci muka dawo, Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa wa kwandon ƙwanmu ruwa mai tsarki, tsofaffi na ta yi wa juna barka da tashin Almasihu a bakin ƙofa. Shugabar mawaƙa ta riƙe hannuna ya fi minti biyar tana yaba fatata, Umma na gefe tana washe baki. Na sa doguwar riga ruwan ƙwai mai ƙaramin wuya, da 'yan kunnen da Tae-ung ya saya mini, waɗanda Umma ke zaton ni na saya. Kaka kuwa ta sa hanbok ɗinta, kayanmu na gargajiya, mai launin ganyen da bai gama nuna ba, wanda sau ɗaya take fito da shi a shekara, ta gyara farin gashinta da tsinken azurfa. Da muka dawo ta zauna a kan matashinta a falo, ƙarƙashin hoton mijinta, inda take zama kullum.

Sha ɗaya da rabi daidai motarsa ta tsaya. Ya fito cikin kwat mai ruwan toka wadda ta ɗan matse shi a kafaɗa, da akwatin tuffa a hannu ɗaya, da ƙunshin kifi mai gishiri na garinsu a ɗayan. Gumi a goshinsa, alhali iska mai sanyi ke kaɗawa. Ya gaida Abba, ya gaida Umma, ta amsa da ƙyar kamar ana cire mata haƙori. Gwaggo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe dogo ne. To, ba laifi, zai riƙa ciro mana abu daga saman kabad."

Ya cire takalmi, ya jera su, ya shigo falo. Abba ya ce, "Inna, ga baƙon Da-som zai gaishe ki."

Ku dai kun sani, ko yaron goye ya sani: a gaisuwarmu, mai rai faɗuwa ɗaya ake yi masa, mamaci biyu. Tae-ung ya tsaya a gaban Kaka, ya haɗa hannuwa ya ɗaga daidai goshi, ya sauke gwiwar hagu, ya sauke ta dama, ya kai goshi kan bayan hannunsa. Ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba. Babu gaggawa, babu ƙarar gwiwa, har Gwaggo sai da ta ɗaga gira. Ya miƙe tsaye. Na saki numfashi.

Sai ya sake ɗaga hannuwan, ya sake sauka.

Jama'a, na ga abin yana faruwa, na kasa ko motsa leɓe. Jikinsa ne ya yi, ba shi ba. Shekara goma sha uku, sau tara a kowace shekara, faɗuwa biyu yake yi, ga tsoro ya cika shi, sai jikin ya bi hanyar da ya saba. Goshinsa na taɓa hannu a karo na biyu na ga bayansa ya ƙame. Ya gane. Ya yi wa tsohuwa mai rai, wadda ta tashi daga jinya wata uku da suka wuce, gaisuwar gawa, a ranar Ista, a gaban ɗanta.

"Yesu, Maryamu!" Umma ta dafe ƙirji.

Ludayin da ke hannun Gwaggo ya faɗi. Abba ya juya yana kallon bango. Tae-ung ya kasa ɗagowa, daga nan ƙasan yake magana.

"Kaka, ki gafarce ni. Ban... ba da nufi ba ne. Na yi babban kuskure."

Kaka ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Fuskarta ba fushi, ba dariya, ba komai da zan iya karantawa. Can ta ce, "Tashi, ɗan nan. Maman Da-som, a kawo abinci."

A kicin Umma ta damƙi hannuna. "Kin gani? Kin gani da idonki? Ko zama bai yi ba ya binne mana ita!"

"Umma, tsoro ne ya..."

"Tsoro? Abin da ke jinin mutum ke nan. Ki shirya rigarki ta Asabar."

Na ɗauki tiren na fita, hawaye na neman zubo mini cikin miya.

An yi abinci na gani na faɗa: haƙarƙarin sa da aka dafa da kayan ƙamshi har yana rabuwa da ƙashi, bayan kwana arba'in na azumi da Kaka ba ta bari an ga nama sosai a gidan ba; miyar sabon ganyen bazara; da 'yar wainar shinkafa da Gwaggo ta manna wa furen dutse ɗaya-ɗaya a kai. Amma kowa tauna kawai yake. Tae-ung ya zauna a kan gwiwoyinsa, ya ƙi miƙe ƙafa duk da Abba ya ce ya saki jiki. Shinkafa zalla yake ci. A ƙarƙashin tebur na tura masa saƙo: "Ka ci nama." Ya duba, ya rubuto: "Ban cancanta ba." Da ba a cikin tashin hankali nake ba, da na yi dariya.

Aka kwashe kwanuka, aka goge tebur. Abba ya kawo kwandon fararen ƙwai da aka ware don sunaye, da dutsen niƙa tawada, da alƙalamin gashi. Ya ɗiga ruwa ya niƙa. Kowa ya matso, yadda muke yi tun ina ƙarama. Kaka ta naɗe hannun riga, ta ɗauki alƙalami, ta tsoma, ta ɗauki ƙwai da hagu.

Bakin alƙalamin ya yi ta rawa a iska. Ta kai shi jikin ƙwan, sai ya ja wani baƙin layi a karkace, tawada ta gangaro kan yatsanta. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Haka aka sake. Shekara sittin da shida tana wannan rubutun, ban taɓa tunanin akwai ranar da zan ga ya gagare ta ba.

Ta ajiye alƙalamin a hankali. "Hannun ya yi ritaya bai sanar da ni ba."

"Inna, kawo in rubuta," in ji Abba.

"Kai?" Gwaggo ta ce, tana share ido da gefen tawul. "Yaya, rubutunka ko mai kemis ba ya iya karantawa. Sai a ba Da-som ƙwan kare."

"To ke rubuta mana."

"Ni ban taɓa riƙe abin nan ba, kai ma ka sani."

Kaka ba ta kula su ba. Ta juya wajen Tae-ung, wanda ke can ƙarshen tebur kamar mai jiran hukunci.

"Kai ɗan Andong. A gidanku wa ke rubuta takardar kakanni da ake kafawa a kan tebur?"

Ya ɗago kai. "Ni ne, Kaka."

"Da alƙalamin gashi, ko da irin na 'yan boko?"

"Da na gashi."

"Matso."

Umma ta buɗe baki. "Inna, ai wannan..." Kaka ta ɗaga mata yatsa ɗaya, mai tawadar, sai ta yi shiru.

Ya matso da gwiwa. Ya karɓi alƙalamin da hannu biyu, ya duba bakinsa, ya gyara gashin a gefen dutse, ya ƙara ɗigon ruwa ya sake niƙa tawadar kaɗan. Abin mamaki, yana riƙe alƙalamin rawar jikinsa ta tsaya. Kaka ta fara kiran sunaye, yana rubutawa. Na Abba. Na Umma. Na Gwaggo. Nawa. Ni da nake tare da mutumin nan shekara biyu, ban san yana da wannan a hannunsa ba. Ƙwai abu ne mai santsi da zagaye, amma haruffan suka zauna a kai daram, kowane da ƙarfinsa, kamar a jikin ƙwan aka haife su. Abba ya ɗauki nasa yana juyawa, ya ce a hankali, "Kai. Ashe haka sunana yake."

Sai Kaka ta ce, "Pyo Man-deok." Sunan mijinta ke nan, wanda hotonsa ke bisa kanta.

Tae-ung ya dakata. Ya ɗaga ido ya dubi hoton, ya dubi Kaka. "Kaka, a yi mini haƙuri. Na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da jar tawada za a yi? In sa su a wani kwando daban?"

"Baƙa," ta ce. "Duk baƙa, duk kwando ɗaya. A gidan nan, ranar yau, ba mu da mamaci."

Na sha jin maganar tashin matattu a coci tun ban san ma'anarta ba, na rera ta a waƙa da safiyar ranar ma. Amma ban taɓa jin ta kamar yadda ta fito daga bakin tsohuwar nan ba, a hankali, kamar tana faɗin inda aka ajiye gishiri. Kuma duk shekarun nan ina ganin sunan Kakanmu a kwando ɗaya da nawa, ban taɓa tambayar dalili ba.

"Shekara goma sha ɗaya tsohon nan yana kan bango," Kaka ta ci gaba, tana nuna hoton da haɓa. "Duk baƙon da ya shigo, ni kaɗai yake gaisarwa, shi a wuce shi kamar kalanda. Yau ne aka samu mai hankalin da ya shigo ya ga mu biyu ne a zaune. Ya yi mini ɗaya, ya yi masa ɗaya. Ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa masu rai." Ta juya ga Umma. "Ko ba haka kika gani ba, Maman Da-som?"

Umma ta dubi hoton, ta dubi gicciyen da ita da kanta ta yaye wa baƙin ƙyalle jiya. Leɓenta ya motsa sau biyu kafin magana ta fito. "Haka ne, Inna."

Ni dai ban san ko Kaka tun farko haka ta ɗauki abin ba, ko kuwa tana cin abinci tana neman ƙofar da za ta fitar da shi. Na tambaye ta daga baya, ta ce in je in wanke kwanuka.

Ya rubuta sunan Kakanmu. Ya rubuta na iyayen Kakan, da na wata 'yar Kaka da ta rasu tana jaririya, da wasu sunaye biyu na magina randa da ko kabarinsu ba a sani ba. Ya rubuta na Kaka, Bong-rye. Ƙwai biyu suka rage a kwando. Ni na san lissafin gidanmu, sunaye sun ƙare.

"Mahaifinka fa," Kaka ta ce, "ya sunansa?"

Tae-ung ya sunkuyar da kai. Ya faɗi sunan harafi-harafi, yadda ɗa mai ladabi ke yi, don ba a kiran sunan uba kai tsaye.

"Rubuta."

"Kaka..." in ji shi. "A takardarmu ba a sa sunansa. Marigayi mahaifi kawai ake rubutawa, a ƙone bayan an gama. Tun da ya rasu ban taɓa rubuta sunansa ba."

"To yau ka rubuta. Wannan ba a ƙonewa, ci ake yi."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta koma kuka. Tae-ung ya ɗauki ƙwan. Ya daɗe yana kallon farinsa. Sannan ya rubuta gaɓoɓi uku, Seok Gi-cheol, da baƙar tawada, a hankali fiye da duk sauran. Ya sa shi cikin kwando tsakanin nawa da na Abba. Hawaye na zuba kan kwat ɗinsa, bai ko share ba. Tsuntsaye na kuka a kan katanga, hasken rana ya faɗo ta taga ya kwanta kan kwandon. Ban san yadda zan gaya muku ba. Ji na yi falon ya cika da mutane, har ina jin kunyar miƙe ƙafa.

Saura ƙwai ɗaya.

Kaka ta miƙa hannu. "Ba ni alƙalamin. Kai kuma riƙe mini ƙwan da kyau, kada ka taɓa hannuna."

Ya tallafe ƙwan da yatsu a gabanta. Ta tsoma, ta kai. Hannun na rawa, tana cije leɓe, tana bin kowane layi kamar mai hawan dutse. Ya ɗauke ta kusan minti uku. Haruffan suka fito a karkace, ɗaya ya fi ɗaya girma, tawada ta ɗan zubo a ƙasa. Amma ko makaho ya shafa zai karanta: Tae-ung.

Na rufe baki da hannu biyu. Umma ta miƙe tsam ta shige kicin, na ce shi ke nan, ta yi fushi. Sai ga ta ta dawo da kwano cike da haƙarƙarin nan, ta dire a gabansa, ba ta dube shi ba.

"Ni shekara uku na jira," ta ce. "Ci. Tun ɗazu shinkafa zalla kake ci kamar wanda aka yi wa horo."

"Na gode, Mama."

"Kada ka gode mini, ba ni na rubuta ba." Ta juya gare ni. "Ke kuma share fuskarki, kin zama abin tsoro. Zan bugo wa shugabar mawaƙa da kaina."

Da la'asar Abba ya saka ƙwai biyun, na uba da na ɗa, cikin gidan kara ya ɗaure bakin. Tae-ung ya zo yin sallama. Ya faɗi sau ɗaya a gaban Kaka, ya miƙe, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, har Gwaggo ta ce, "Riƙe shi, Da-som, kada ya koma!" Aka yi dariya, har da Umma. Kaka ta yafito shi, ya sunkuyo, ta kama hannun rigarsa. A hankali ta yi maganar, amma ina kusa, na ji.

"Baɗi kai za ka rubuta duka. Nawa ma. Ko ina kan matashin nan, ko ina kan bango kusa da tsohon, da baƙa za ka rubuta. Ka ji?"

"Na ji, Kaka."

Na raka shi mota. Ya ajiye ƙunshin karan a kujerar gaba, ya ja masa bel. Na tsaya a bakin katanga har ƙurar motar ta kwanta.

Rana ba ta gama faɗuwa ba, ina tsakar gida ina juye ruwan albasa, wayata ta yi ƙara. Hoto ne ya fara shigowa: hannun wata dattijuwa, mai zobe ɗaya siriri, riƙe da ƙwan da ke ɗauke da sunan mijinta. Mahaifiyarsa ke nan, wadda ban taɓa gani ba, wadda na ji an ce ko ƙofar coci ba ta bi. Sai saƙo ya biyo baya.

"Ta fi rabin awa tana riƙe da shi. Ta ƙi ci, ta ƙi ajiyewa."

Kafin in amsa wani ya shigo.

"Ta ce in kawo ki ranar Laraba. Ranar hidimar kakana ce, dangi duka za su zo. Ta ce tana son ta ga yadda jikar matar nan za ta gaishe shi."

Na zauna a kan murfin randa, na karanta sau uku. Ta taga ina hango Kaka tana ɓare ƙwan mijinta da hannun hagu, tana ba shi labari ƙasa-ƙasa. Yanzu da nake rubuto muku, Laraba gobe ke nan. Ni kuwa, jikar Bong-rye, tun da uwata ta haife ni ban taɓa faɗuwa sau biyu a gaban kowa ba.